Wane Kwanan Wata Ne Ya Dace da Saƙon Imel da Ya Makara?

A cikin kowane saƙon imel akwai wasu layuka da mai karatu bai cika lura da su ba, kuma ɗaya daga cikinsu, mai suna Date, shi ne ke ɗauke da rana da lokaci. Ƙa'idar da ke tsara shi tana cikin takardar RFC 5322, wadda ƙungiyar IETF mai kula da ƙa'idojin intanet ta fitar a shekarar 2008, bayan RFC 2822 ta 2001 da RFC 822 ta 1982. Layuka biyu kaɗai ta wajabta wa kowane saƙo, wato na mai aikawa da na kwanan wata.

Abin da sashe na 3.6.1 na takardar ya tanada shi ne, kwanan watan zai nuna lokacin da marubuci ya kammala saƙonsa ya ce ya shirya tafiya, ba lokacin da saƙon ya bar na'urar ba. Takardar ma ta kawo misalin mai kwamfutar tafi-da-gidanka da ba ya kan intanet sa'ad da ya danna maɓallin aikawa. Idan mutum a Katsina ya gama rubutu da ƙarfe tara da kwata na daren Litinin, 3 ga Yuni 2024, amma bai sami sabis ba sai safiyar Laraba, abin da ya kamata a gani shi ne Mon, 3 Jun 2024 21:15:00 +0100, inda lambobin ƙarshe ke nuna cewa agogon Najeriya da Nijar yana gaban na Girinwich da awa ɗaya.

To, ina labarin jinkirin yake shiga? Yana da nasa wurin. Ƙa'idar jigilar imel, RFC 5321, ta ɗora wa kowace saba, wato kwamfutar da ke karɓar saƙo ta miƙa shi gaba, da saƙo ya ratsa ta alhakin ƙara layin Received a samansa, tare da lokacin da ta karɓa, kamar yadda marubucin wasiƙa ke sa kwanan wata da hannunsa, gidan waya kuma ya buga nasa hatimin a bayan ambulan. Wanda ya karanta waɗannan layuka daga ƙasa zuwa sama zai ga daidai inda saƙon ya kwana. Jinkirin kuwa kan yi tsawo, domin ƙa'idar ta nemi sabar da ta kasa isar da saƙo ta ci gaba da gwadawa na aƙalla kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura.

Akwai masu ganin gara manhaja ta sauya kwanan watan zuwa lokacin fitar saƙon, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Saƙon da ya iso yau ɗauke da kwanan shekaranjiya yakan nutse a ƙarƙashin wasu idan an jera akwati bisa layin Date, har mai shi ya rasa ganinsa, sannan matatar saƙonnin banza irin SpamAssassin tana da ma'aunai da ke zargin saƙon da kwanansa ya yi nisa da lokacin isowarsa. Sai dai a ganina maganin yana wajen mai karɓa. Tsarin IMAP, wanda manhaja ke bi don karanta saƙonni daga saba, yana adana lokacin isowar kowane saƙo daban, don haka manhaja na iya jera akwati bisa isowa, ta kuma nuna lokutan biyu idan tazarar ta yi yawa. Goge lokacin marubuci kuwa zalunci ne a kansa, domin wanda ya rubuta "gobe za mu haɗu" ranar Litinin Talata yake nufi, kuma kwanan Laraba zai mayar da maganarsa ta zama Alhamis. Ga kuma sa hannun DKIM, wato hatimin lantarki da ke tabbatar da inda saƙo ya fito, wanda galibi yakan haɗa da layin Date, ta yadda sabar da ta taɓa layin a hanya za ta lalata shaidar sahihancin saƙon.

Inda maganar ke da ɗan sarƙaƙiya shi ne saƙon da mutum ya tsara fitarsa da gangan, kamar yadda Gmail ya ba da dama tun 2019. Wanda ya rubuta da daren Juma'a ya ce a aika da ƙarfe takwas na safiyar Litinin, shi da kansa ya zaɓi lokacin da saƙon zai shiga hanya, kuma kafin lokacin yana iya gyarawa ko fasawa. A nan na fi karkata ga sa lokacin da ya zaɓa, tunda lafazin ƙa'idar ya rataya ne kan abin da marubuci ya ayyana. Idan kuma lokacin ya yi amma katsewar intanet ta riƙe saƙon har azahar, ƙarfe takwas ɗin ne zai zauna a layin Date, layukan Received su nuna sauran.