Waiwaye: Yadda rufin zaure ya sauya kejin kokawar Amurka

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, masu bibiyar kokawar Amurka, wadda matasa a gidajen kallo ke kira resilin, sukan sake tayar da tsohuwar muhawara. Wasu na cewa kejin Elimination Chamber ya yi laushi, tunda an shimfiɗa soso a inda da ƙarfe ne tsirara. Wasu kuma ƙorafinsu shi ne an mayar da manyan kejuna abin kalanda, wata kaza keji kaza, ko akwai gabar da ta kai a kulle mutane a ciki ko babu. Kowane ɓangare yana magana kamar dare ɗaya abin ya faru. Alhali maganar ta daɗe tana tafe, kuma tushenta yana can sama, a inda ake rataye ƙarfen.

Farkon labarin sananne ne. Tun shekarun 1930 ake kewaye dandamali da waya a Amurka. A 1986 Hulk Hogan ya kara da King Kong Bundy cikin keji mai shuɗin ƙarfe, a 1987 aka ƙirƙiro WarGames a Atlanta, dandamali biyu ƙarƙashin rufi ɗaya. Kejin Hell in a Cell ya bayyana ranar 5 ga Oktoba 1997 a St. Louis, kuma kafin shekara ta zagayo duniya ta ga Mick Foley ya faɗo daga samansa a Pittsburgh. Wancan kejin tsayinsa ƙafa 16 ne, nauyinsa ya ɗan haura tan 2. Daga baya aka ƙera mai ƙafa 20 da tan 5.

Sai Elimination Chamber, ranar 17 ga Nuwamba 2002, a zauren Madison Square Garden na New York. Alƙaluman da kamfanin kokawa na WWE ya riƙa tallata shi da su ke nan: tsayi ƙafa 16, faɗi ƙafa 36, sarƙa mil 2, nauyi sama da tan 10. Mai kallo yakan ji waɗannan alƙaluma a matsayin kirari, amma ga ma'aikatan da za su kafa shi lissafin aiki ne. Irin wannan keji ba a harhaɗa shi a gaban jama'a. Tireloli ke kawo shi gunduwa-gunduwa, a haɗa shi a ƙasa tun kafin a buɗe ƙofa, sannan injina masu sarƙa su ɗaga shi ya yi ta reto a saman dandamali har lokacinsa ya yi. Rufin da ke ɗauke da shi kuwa shi ne dai ke ɗauke da fitilu da lasifikoki. Saboda haka dole a san garin da zauren watanni kafin ranar, a kama wurin, a tsara motoci, a fara sayar da tikiti, tun ba a san wa zai yi gaba da wa ba. Ba abin mamaki ba ne da aka ware wa Hell in a Cell wasansa na shekara-shekara a Oktoban 2009, Elimination Chamber kuma a Fabrairun 2010.

Inda masu muhawara suka fi tsallakewa shi ne tsakanin 2015 da 2017, kuma a ganina nan ne aka yi kwana. Yawancin zaurukan da ake haya na ƙwallon kwando ne da wasan hoki na kan ƙanƙara. A tsakiyar rufinsu ake rataye allon nuna maki, daidai saman wurin da dandamalin kokawa ke zama. A shekarun nan allunan sun yi ta ƙara girma da nauyi, domin kowane gari yana son magoya bayan ƙungiyarsa su ga wasa tar daga kujerar ƙarshe. Masu zaure don ƙwallo suka yi, kuma suna da hujjarsu, tunda ƙwallo ke cika musu kujeru kusan duk mako, kokawa kuwa baƙuwa ce ta dare ɗaya. To amma allon ya cinye sarari, ya cinye wani kaso na nauyin da rufi zai iya ɗauka. Keji mai zagaye, mai faɗin ƙafa 36, ina zai shiga?

A Fabrairun 2015 sai aka ga wani wasa mai suna Fastlane a Memphis a gurbin da aka saba ganin kejin, kuma bayanin da ya fito daga kamfanin shi ne zauruka da yawa ba za su iya rataye shi ba. An fito da shi a Corpus Christi ranar 31 ga Mayu na shekarar. A 2016 ko sau ɗaya ba a gan shi ba. Da ya dawo a Phoenix ranar 12 ga Fabrairu 2017, ya zo da sabuwar siffa: kusurwa huɗu, bango miƙaƙƙe, an rage sarƙa, an shimfiɗa soso a gefen dandamali. Miƙaƙƙen bango yana kwanciya lafiya a kwantena, lanƙwasasshe kuwa sai ya ci wuri. Soson ma ban ga aibinsa ba. A wasan farko na 2002 ɗan kokawa Triple H ya ji mummunan rauni a maƙogwaro har ya kwana a asibiti, kuma waɗannan mutane ne masu iyali da za su sake hawa dandamali bayan kwana ɗaya ko biyu. A sabon kejin ne mata suka fara nasu wasan a 2018.

Daga nan kejin ya zama matafiyi: Jidda a 2022, Montreal a 2023, Perth a 2024, Toronto a 2025. Tafiyar Perth ta Ostareliya ta nuna wahalar a fili. Kamar yadda mai sharhin kamfanin ya bayyana a lokacin, an so a bi da shi ta mashigin Suez, rashin tsaro a Bahar Maliya ya hana. Sai aka kai shi Miami, mota ta ɗauke shi zuwa Los Angeles, jirgin ruwa ya kai shi Sydney, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Perth. Filin kuma buɗaɗɗe ne, sai da aka gina rumfar ƙarfe a saman dandamali kafin a sami inda za a rataye shi.

Hell in a Cell, wanda nauyinsa rabin na tsohon Elimination Chamber ne, an iya cire shi daga kalanda bayan 2022, ya koma jiran gabar da ta nuna, kamar ta CM Punk da Drew McIntyre a Atlanta a Oktoban 2024. WarGames kuwa tun 2022 ya kafu a Nuwamba. Dandamalinsa na biyu yana cinye kujerun ƙasa, waɗanda su ne mafi tsada a zauren, kuma ba a sayar da tikiti ko ɗaya sai an gama zana taswirar kujeru.