Daga Faifan CD Zuwa Wayar Hannu: Waiwaye Kan apt

Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman sun saba da layin nan: sudo apt install, umarnin girka manhaja a tsarin Linux. Ka rubuta shi a baƙin allo, ka saka sunan manhaja, sai ta sauko ta zauna daram. Kafin a kai ga wannan sauƙi an sha wuya.

A farkon shekarun 1990, mai amfani da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, sai ya sauko da asalin rubutun manhaja a dunƙule, ya kwance shi, ya harhaɗa da kansa. Ga shi kowace manhaja a jingine take da wasu. Ka samo ɗaya ta ce sai da wata, ka samo waccan ita ma ta tura ka gaba. Ian Murdock ya kafa Debian, wani nau'in Linux, a 1993, a 1994 kuma dpkg, kayan aikin girka manhaja na Debian, ya fito. Shi dpkg yana girka manhaja, yana faɗa maka abin da ya rage, amma nemowa aikinka ne. APT, da ya zo cikin Debian 2.1 a 1999, shi ya ɗauke wannan nauyi: ya duba rumbu, wato ma'ajiyar manhajoji a intanet, ya kwaso manhajar da duk abin da take buƙata a jere.

Sai dai APT intanet yake so, kuma a Katsina nan ne gizo ke saƙa. Da Ubuntu, wani nau'in Linux da aka gina kan Debian, ya fito a 2004, kamfanin Canonical mai shi ya riƙa aiko da faifan CD ɗinsa kyauta ta gidan waya, har zuwa 2011. Faifai ya iso, amma sabunta shi fa? Sai wanda ya samu layi mai kyau ya sauko da komai, a kwashe fayilolin .deb, wato manhajojin da APT ya sauko da su, daga ma'ajiyarsu ta /var/cache/apt/archives a zuba a filash, ya zaga hannu zuwa hannu. A ganina wannan dabara ta cancanci a riƙa koyar da ita har yau, domin data ba ta yi arha ba.

Wani abin da nake so malamai su jaddada shi ne sa hannu, wato hatimin dijital da ke tabbatar da asalin manhaja. APT yana tantance sa hannun rumbu kafin ya girka komai, abin da manhajar sata da ake kwafa a shagon gyara ba ta da shi.

Microsoft ma ta bi sahu da winget, makamancin apt na Windows, a 2020. Ɗalibin da ba shi da laftof kuwa, yanzu Termux, manhajar da ke kawo baƙin allon Linux, yake sakawa a wayarsa ta Android, ya rubuta pkg install python, ya fara atisaye.