Waiwaye: Yadda Tsibirin Mayotte Ya Rabu Da Komoros

Tsibiran Komoros guda huɗu ne a tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska, kuma mutanensu Musulmi ne masu harsuna makusantan juna, amma a yau uku ne kawai ke ƙarƙashin gwamnatin Moroni, babban birnin Komoros, na huɗun kuwa, wato Mayotte, yanki ne na Faransa.

Faransa ta mallaki Mayotte a 1841 daga hannun Sarki Andriantsoly, sauran ukun kuma sai a 1886 suka shiga hannunta. Saɓanin ya yi tsami ne lokacin da aka ɗauke hedikwatar mulki daga Dzaoudzi da ke Mayotte aka kai ta Moroni, domin mutanen Mayotte sun ga ayyuka da kuɗi sun bar su, suka kuma ji tsoron cewa manyan tsibiran za su danne su bayan an sami 'yanci. Mata ne suka ja gaba wajen wannan adawa, ƙarƙashin Zena M'Déré.

A ranar 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'ar raba-gardama. Kusan kashi 95 cikin ɗari na masu zaɓe a faɗin tsibiran sun zaɓi 'yanci, amma a Mayotte kimanin kashi 63 suka ƙi. A nan ne Faransa ta yi abin da har yau ake tuhumarta da shi: ta ɗauki sakamakon kowane tsibiri daban, alhali ƙasa ɗaya ta mulka. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin tsibiran a lokacin, ya ayyana 'yanci a ranar 6 ga Yuli 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu, sannan a 1976 Faransa ita kaɗai ta hau kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu kan wannan batu.

Ba za a musanta cewa mutanen Mayotte sun sha jaddada zaɓinsu ba, domin a 2009 sama da kashi 95 suka amince tsibirin ya zama cikakkiyar gundumar Faransa, aka kuma tabbatar da ita a 2011 a matsayin ta 101. Sai dai wannan ya zo da tsada, har da rage ikon alƙalan Musulunci, kuma Mayotte ta kasance gunduma mafi talauci a Faransa.

Abin da ya fi ciwo shi ne bizar da aka ƙaƙaba wa 'yan Komoros a 1995. Tazarar Anjouan, ɗaya daga cikin tsibiran ukun, da Mayotte kilomita 70 ce kacal, kuma dangi sun saba ziyartar juna tun kaka da kakanni, amma yanzu sai a ɓoye cikin ƙananan jiragen ruwa da ake kira kwasa-kwasa. Wani rahoton Majalisar Dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta cewa mutum 7,000 zuwa 10,000 sun nutse a wannan mashigi. A 2023 Faransa ta ƙaddamar da samamen Wuambushu na rushe gidajen kwano da korar baƙi, gwamnatin Moroni kuwa ba ta janye iƙirarinta na mallakar tsibirin ba.