Wai mitar kati ce ke shanye mana wuta?

Tun da aka fara kafa mitar kati a Zariya nake jin maganar nan, daga Samaru har Tudun Wada, wai mitar gudu take yi, ka sa kati yau jibi ya ƙare. Jama'a ba mita ba ce, kayan gidanmu ne.

Yunit ɗaya fa yana nufin wat 1000 ya yi aiki na awa ɗaya, shi ke nan lissafin. Dutsen guga mai wat 1000 awa guda ya lashe yunit, amma ƙwan LED mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci hakan. To ka duba lokacin hunturu, kowa ya tsoma hita a bokiti da asuba, yara biyar kowa da ruwansa, uwargida ta jona hotfilet ta ɗora wake, sannan a ce mita ta yi sata, haba malam. Da can bil na ƙiyasi ake kawowa, ko ka kunna ko ba ka kunna ba kuɗin na nan, shi ya sa ba wanda ya damu ya kashe soket.

Wani abin kuma kuɗin ne ya tashi, a Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai yunit na 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225, dole dubu biyar ta sayo kaɗan. In akwai tsohon bashi ma ana cira daga katin.

Ka gwada da kanka, kashe komai ka tsaya gaban mitar, jar fitilar nan za ta daina ƙiftawa. Jona hita ka ga yadda take rawa.