Waiwaye: Daga ƙidayar ɗakunan kwana zuwa ƙidayar kujerun gidan abinci

A shekarar 1945 wani likita a jihar Iowa ta Amurka, Hunter Comly, ya ba da rahoton jarirai biyu da jikinsu ya rine ya koma shuɗi-shuɗi. Da aka bi sawu, ashe da ruwan rijiya ake dama musu madara, ruwan kuwa cike yake da sinadarin naitiret, wanda ke hana jini ɗaukar iskar oksijin. Daga nan maganar taƙaita naitiret a ruwan sha ta samo asali. A 1962 hukumar lafiya ta ƙasar ta kafa iyaka ga ruwan sha: kada naitirojin ɗin da ke cikin naitiret ya wuce miligiram 10 a kowace lita.

Sai tambaya ta biyo baya: ta ina yake shiga rijiya? Takin gona na ciki, amma akwai kuma sokawe. Tankin sokawen yana tare kashi, ruwan ya tsiyaye cikin ƙasa ɗauke da amoniya, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su mai da ita naitiret. Shi kuma ba ya maƙalewa a yashi, bin ruwa yake yi har ƙasa.

Yankin Cape Cod da ke jihar Massachusetts ya ɗanɗana kuɗarsa, don ƙasarsa rairayi ce, kusan duk ruwan shansa daga ƙarƙashinta yake fitowa, galibin gidaje kuma sokawe gare su. Dokar jihar mai suna Title 5, wadda aka yi wa garambawul a 1995, ta ɗauka cewa kowane ɗakin kwana na fitar da galan 110 na ƙazamin ruwa a rana. A wuraren da ake tsoron gurɓatar rijiyoyi, galan 440 kawai aka yarda eka ɗaya ta ɗauka. Ɗaki huɗu ke nan.

To, kanti da ofis ba su da ɗakin kwana. Sai aka koma ƙirga kujeru da faɗin gini: galan 35 kan kowace kujerar gidan abinci, galan 75 kan kowace ƙafa 1,000 murabba'i ta ofis. Mai gidan abinci mai kujera 100, kafin ya ɗora tukunya, an rubuta masa galan 3,500, wato yana bukatar fili kusan eka takwas, ko kuma ya sayi na'urar rage naitirojin mai tsada.

A ganina nan ne lissafin ke ɗingishi. Yawancin naitirojin daga fitsari yake fitowa. A gida, ruwan wanka da na wanki suna tsarma shi; a ofis kuwa, daga ban ɗaki sai wurin wanke hannu. Ruwan kaɗan ne, amma kakkaura. Wanda ya ɗauko ma'aunin gida ya auna ofis da shi, adadin da zai samu a takarda yana iya gaza abin da ke sauka ƙasa.

A 2023 jihar ta fito da sababbin ƙa'idoji ga Cape Cod, wannan karon saboda gansakukar da naitirojin ke haifarwa a bakin teku tana shaƙe kifi. An bai wa garuruwa zaɓi: ko su tsara maganin matsalar baki ɗaya, ko masu sokawe su gyara nasu ɗaya bayan ɗaya.