FID: Kalmar Da Ake Yi Wa Gurguwar Fassara A Harkar Man Teku

Tun Disambar 2024 da Shell ya sanar da FID (Final Investment Decision, wato shawarar ƙarshe ta zuba jari) kan aikin Bonga North, wani filin mai a tekun Najeriya, haruffan nan uku suka shiga bakin 'yan siyasa da masu sharhi a rediyo. Sai ka ji an ce dala biliyan 5 da aka ƙiyasta wa aikin ta shigo ƙasa. Sanarwar ba ta nufin ta shigo. FID ita ce ranar da kamfanonin da suka haɗa jari ke sa hannu cewa sun amince su kashe kuɗin, bayan an gama zanen aiki an karɓi farashin 'yan kwangila. Ɗaurin aure ne, ranar suna da sauranta. Misali, filin mai na Egina da ke tekun Najeriya an gano shi a 2003, aka yi FID a 2013, gangar farko ba ta fito ba sai ƙarshen 2018.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar adadin kamar farashin buhun siminti. Ƙiyasi ne, kuma kwanaki ke cin sa. Bonga North rijiyoyi 16 ne, takwas na fitar da mai, takwas na tura ruwa cikin ƙasa don ya ingizo man, a teku mai zurfin sama da mita 1,000. Hayar jirgin haƙa kaɗai takan haura dala dubu 400 a rana, ban da jiragen kai kaya da lakar haƙa (ruwa mai kauri da ake turawa cikin rijiya yayin haƙa) da siminti. Na'urar da ke toshe rijiya idan gas ya yunƙuro tana zaune ne a ƙasan teku. In ta faɗi gwaji, sai an ciro ta bututu bayan bututu, a gyara, a mayar, kuɗin haya kuwa na tafiya. Haka in bututun haƙa ya maƙale, ko laka ta zurare cikin tsagar dutse. Shi ya sa masu tsara aiki ke fitar da adadi fiye da ɗaya: wanda ake sa ran tsayawa a kai, da wanda za a kai in abubuwa sun cuɗe.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A yarjejeniyar raba mai da ake aikin zurfin teku da ita a Najeriya, bayan an biya gwamnati kuɗin mallakar man (royalty), kamfani na cire abin da ya kashe daga man kafin a raba riba. Duk makon da jirgi ya yi a banza, kason gwamnati ma yana raguwa.