Sanar da taruka ta hanyar RSS da iCalendar

RSS da Atom da iCalendar tsare-tsare ne na rubuta bayanai da shafukan intanet ke amfani da su wajen isar da sanarwar taruka masu zuwa, kamar lacca ko baje koli ko wasanni, ga duk wanda ya yi rajista. Mai shirya taro yana ajiye fayil guda a adireshin da ba ya sauyawa, manhajar mai karatu kuma tana komawa can lokaci zuwa lokaci ta ɗauko abin da aka ƙara, don haka mutum ba ya buƙatar leƙa shafin kullum.

Kamfanin Netscape ne ya fitar da RSS na farko a 1999, Dave Winer ya fitar da RSS 2.0 a 2002, sannan hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta wallafa Atom a Disambar 2005 a matsayin takardar ƙa'ida mai lamba RFC 4287. RSS da Atom duka da harshen XML, wani salon tsara bayanai domin kwamfuta, ake rubuta su, kuma domin labarai aka ƙirƙire su.

Daga nan ne matsalar take tasowa. Ranar da RSS ya sani, wadda ake sakawa a gurbin pubDate, ita ce ranar da aka wallafa sanarwa, alhali mai neman taro ranar da za a yi shi ce ta dame shi. Idan aka wallafa sanarwar babban taron Disamba tun a watan Maris, manhajar za ta jera ta bisa ranar wallafawa, ta yadda kafin Disamba ta zo, sanarwar ta nutse ƙarƙashin sababbi, wasunsu ma na tarukan da aka riga aka watse. An yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi da wani ƙari ga RSS 1.0 mai ɗauke da gurabe irin su ev:startdate da ev:location, sai dai manhajojin karatu da yawa ba su kula shi ba.

Shi kuwa iCalendar, wanda ya fito a 1998 a matsayin RFC 2445 kafin RFC 5545 ya maye gurbinsa a 2009, domin taruka aka gina shi tun asali. Layukan rubutu ne zalla a fayil mai ƙarshen .ics, inda kowane taro ke zaune tsakanin BEGIN:VEVENT da END:VEVENT. DTSTART na nuna lokacin farawa, LOCATION wurin taro, RRULE kuma yadda taron ke maimaituwa, misali duk ranar Talata. Gurbin UID, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne ke sa kalanda ta gane cewa taron da aka ɗage shi ne dai na farko, ta gyara lokacinsa maimakon ta nuna taro biyu.

Akwai bambanci tsakanin sauke fayil sau ɗaya da yin rajista da adireshinsa, domin wanda ya sauke kawai ba zai ga gyara ko sokewa ba. Ko mai rajistar ma yakan jira sa'o'i kafin wasu kalandoji su sabunta. Haka nan idan ba a fayyace yankin lokaci ba, taro na iya bayyana a sa'ar da ba tasa ba ga wanda ke wata ƙasa.

Masu shirya taruka da dama sukan haɗa biyun, RSS domin shelar sabon taro, iCalendar domin saka shi a kalandar waya.